Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Komawata Marwa

A makon da ya gabata na tsaya a kan kammala karatuna na ilimin sararin samaniya a Afirka ta Kudu. Da na dawo Marwa da ke arewacin Kamaru, Baffana ya tambaye ni: "Ɗana, yanzu da wane kayan aiki za ka riƙa duba taurarin nan naka?" Na ce masa, "Baffa, da kwamfuta da intanet, in Allah Ya sa an kawo wuta." Gaskiya na faɗa masa, domin Kamaru ba ta da babbar na'urar hangen nesa ta bincike, saboda haka da rana ina koyar da kimiyyar fiziks, da dare kuma ina sauko da bayanan da na'urorin wasu ƙasashe suka tattara, ina nazarinsu.

Wannan hali ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Afirka ta Kudu ta buɗe SALT, wata babbar na'urar hangen nesa, a Sutherland a 2005, sannan ta ƙaddamar da MeerKAT, na'ura mai faifai 64 da ke kama saƙonnin rediyo daga sararin samaniya, a 2018. A cikin ƙasashen Afirka takwas da suka haɗa hannu da ita a shirin SKA, wato shirin ƙasa da ƙasa na gina wata gagarumar na'urar irin wannan, akwai Ghana da Kenya da Zambiya, amma babu Kamaru, babu Cadi.

Na yi ta tunanin ko za a iya kafa na'urar hangen nesa a duwatsun Mandara da ke yankinmu, inda dare yake da duhu sosai, sai dai yanayinmu yana da nasa cikas. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazo ya rufe sama har taurarin da ke kusa da ƙasa su ɓace, da damina kuma gajimare ya karɓi aikin. Wannan ne ya sa na karkata ga binciken da ake yi da saƙonnin rediyo masu fitowa daga sararin samaniya, domin ƙura ba ta tare su. Ghana ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne, tun da a 2017 ta mayar da wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na'urar bincike, ta kuma horar da matasanta a kansa.

Da wannan hujja na rubuta takardar neman tallafi ta farko, na kai ta wani ofishi a Yawunde. Abin da na tarar a can shi zan kawo muku mako mai zuwa, in sha Allahu.