Sikanjabin: kada khal ya taɓa tukunyar tagulla

Har yanzu ina jin ciwon zumar da ta salwanta, kofi biyu cur na farar saƙa, saboda haka da maganar tukunya zan fara. Duk mai son haɗa sikanjabin, wato shan zuma da khal (ruwan tsamin da ake kira vinegar), yadda likitocin zamanin da suke yi, ya nisanci tagulla da jan ƙarfe, komai kyan tukunyar, komai kamarta da ta mutanen da.

Wanda ya leƙa Alƙanun, littafin likitanci na Ibn Sina, da aka kammala a 1025, ya san matsayin wannan sha na zuma da khal. A ganin likitocin wancan zamani lafiya daidaituwar ruwa huɗu ce a jiki: jini, majina, safra'u (rawayan ruwan matsarmama) da sauda'u (baƙin ruwan matsarmama). Khal sanyi ne da bushewa, zuma kuma zafi ce, idan aka gama su sai a sami abin da ke tsinka majina mai kauri, ya kwantar da safra'u, ya kashe ƙishin mai zazzaɓi. Likitancin yau ya bar wannan bayani, amma hannun da suka sa a aikin gwaninta ce ta gaske.

Awon da na bi shi ne khal kofi 1, zuma kofi 2, ruwa kofi 4. Zuma da ruwa ake fara ɗorawa a kan wuta kaɗan. Kumfa zai taso da ɓurɓushin kaki, a riƙa kwashe shi da cokalin katako har ya daina. Ba banza ba tsofaffin littattafai ke nanata zumar da aka cire wa kumfa, in an bar shi shan yakan yi duhu, ya ƙi ajiyuwa. Sai bayan nan a zuba khal, a kawar da fuska don tururinsa na yaji a ido. A bar shi ya tsotse zuwa kusan kofi 3. Idan an ɗiga a faranti mai sanyi ya tsaya bai gudu ba, ya yi.

Wannan duk ya tafi daidai. Ɓarnar ta zo ne da na bar shi ya kwana a tukunyar tagulla don ya huce. Da safe sai ga koren zobe a bakin tukunyar, daidai inda ruwan ya tsaya, ɗanɗanonsa kuma kamar an tsotsi kwabo. Tsamin khal yana cin jan ƙarfe, musamman inda iska ke haɗuwa da shi, kuma yayin hucewa abin ya fi ƙamari fiye da lokacin tafasa. Koriyar tsatsar nan ita Larabawa ke kira zinjar. Guba ce a ciki, tana sa amai da murɗar ciki, tacewa kuma ba ta fitar da ita domin ta riga ta narke. Dole aka zubar.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne, likitocin da sun san wannan haɗi sarai. Zuma, khal da zinjar, a dafa su tare, shi ne man shafawar da suke kira na Masar, wanda ake sa wa gyambo don ya cinye ruɓaɓɓen nama. Har a Turai an daɗe ana amfani da shi. Wato kayan da suka ware don miki daga waje, su ne tukunyar ta haɗa mini a abin sha.

Tukunyar dalma ma ba ta dace ba, tsami na cin ta. A nemi ta gilashi ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma da an sauke a juye a busasshiyar kwalba, kada ya kwana a ƙarfe ko wane iri ne. Murfin kwalbar ma a duba, na ƙarfe zai yi tsatsa.

Wanda na sake haɗawa ya fito garau, kalar zuma. Cokali 1 a ruwan sanyi cokali 6, a jefa ganyen na'ana'a. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ba saboda zumar, mai ciwon sukari ya yi hattara, zazzaɓi kuwa a je asibiti a yi gwajin jini.