Awa shida da rabi daga Abuja zuwa Landan

Kullum in na kira gida sai Inna ta tambaye ni wai Landan ɗin nan nisanta kamar ina da ina, ni kuma amsata ɗaya ce, Inna tafiyar da na yi daga Birnin Kebbi zuwa Abuja ta fi ta Abuja zuwa Landan cin lokaci. Sai ta ce haba ɗan nan. Kuma wallahi gaskiya ce, ranar da zan taho tun asuba munka bar tasha, munka bi Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, ga ramuka ga tsayawa shingen jami'ai, ba mu shiga Abuja ba sai da duhu ya yi, jikina duk ya yi tsami. Akwai jirgi daga filinmu na Ambursa, wajen awa ɗaya ka sauka Abuja, amma kuɗin biza sun riga sun cinye aljihu.

Shi kuwa Abuja zuwa Heathrow, filin jirgin Landan, kilomita 4,800 ne ko kaɗan ya rage, jirgi na cinye su cikin kamar awa shida da rabi. Akwai ɗan allo a bayan kujerar gabana mai nuna taswira, ba mu jima da tashi ba na ga sunan Sakkwato ya fito gefen hagu, sai na ji ƙwalla ta cika min ido, wato gida yana can ƙasa ina wuce shi. Daga nan sai Nijar, sai hamada har Aljeriya, awanni ana tafiya ba komai sai yashi, sannan teku, sannan Faransa.

Ƙarshen Oktoba na sauka, kwana biyu tsakani anka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Lokacin zafinsu agogonmu ɗaya da gida, lokacin sanyi kuma Najeriya na gaba da awa guda. Abin da ya fi rikita ni shi ne salla, a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ina wurin aiki Azahar da La'asar da Magariba duk su same ni, sai na riƙa ajiye darduma cikin jaka. Kilishin da Yaya ta yi niyyar ƙulla min ban taho da shi ba don an hana shiga da nama, amma kuka da daddawa sun iso lafiya, su sunka riƙe ni watannin farko, ranar hutu in tuƙa tuwon shinkafa in ci ni kaɗai a ɗaki, ranar Juma'a kuma in hau jirgin ƙasa zuwa masallacin Whitechapel ko zan ji mai Hausa.

Bara Baba ya kwanta asibiti. Na zauna da waya ina lissafi, awa shida da rabi a sama, kwana guda a Abuja, yini guda a mota, kwana biyu ina gabansa. Amma ga kuɗin tikitin gaggawa, ga hutun da ba a ba ni ba. Ban je ba. Ƙanena ne ya riƙa kara masa waya a kunne, ina cewa Baba sannu, ya jiki, shi kuma yana cewa da sauƙi, ka zauna ka yi aikinka, Allah shi yi albarka. Ya samu sauƙi alhamdulillahi. Tun daga watan nan nake ware wani abu cikin albashi da ba ni taɓawa, kuɗin tikiti ne, har da na jirgin Ambursa.