Ƙarfin Duka a Ƙugu Yake, Ni Kuwa Na Neme Shi a Damtse

Ranar Asabar ƙanwata ta roƙe ni in raka ɗanta filin besbol, wai ni ne na san wasan. Muka sauka a titi na 161 a Bronx, cikin birnin New York, muka shiga Heritage Field, wanda aka yi a gurbin tsohon filin ƙungiyar besbol ta Yankees. Ko jaka bai ajiye ba ya zaro sanda, ya zura mata zoben ƙarfe mai ƙara nauyi, ya shiga kaɗawa yana cije leɓe, jijiyoyin wuya duk sun tashi. Ƙafafu kuwa kamar an dasa su, kafaɗa da damtse ne kawai ke shan wahala. Ya juyo yana haki ya ce, "Kawu, ka ga ƙarfi?" Na ce na gani. Kaina na gani ina ɗan shekara 16, da irin wannan zoben da irin wannan wautar.

Ina da shekara 13 aka kawo ni garin nan. Yaran unguwarmu, yawancinsu 'yan Dominika, tun suna rarrafe suke riƙe sanda. Ni kuwa na fi su jiki, sai na ce tunda sun riga ni ƙwarewa, to, zan fi su ƙwanji. Kullum da yamma ina ɗaga ƙarfe, damtse da ƙirji kaɗai, ƙafa ko oho. A 2007 birnin New York ya hana amfani da sandar ƙarfe a wasannin makarantun sakandare, aka koma katako. Katako kuma ba ya yafiya. In ƙwallo ba ta samu wurin nan mai daɗi ba, wajen inci shida daga bakin sandar, hannunka zai ɗauki zugi, ita kuma ta faɗi a gabanka kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Maimakon in gane cewa saiti ne ba ni da shi, sai na tara kuɗin aikin hutu na sayo sanda mai nauyin oza 35. Ai na ji labarin Babe Ruth, gwarzon besbol na dā, ya yi wasa da wadda ta haura oza 40.

Ba zan ɗauki laifin ni kaɗai ba. A gidanmu babu wanda ya taɓa riƙe sandar nan, mahaifina ma kallon abin yake kamar wasan 'yar gala-gala. Kocinmu kuma abu ɗaya ya iya faɗa: "Murza ƙafar baya kamar kana murƙushe kyankyaso." Na yi ta murzawa har takalmi ya cinye, ƙugu bai tafi ko'ina ba. Waya mai nuna hoto a hankali ma ba mu da ita. Wa zai gaya mini?

To, gaskiya dai an gaya mini. Akwai wani dattijo da ke zama bayan shinge da 'yar rediyonsa, Turancinsa bai fi nawa ba. Rannan ya karɓi sandata, ya gitta mini ita a baya, ya maƙale ta a gwiwoyin hannuna, ya ce in juya. Ya dafa ƙuguna ya ce nan ne farko, hannu daga baya. Na yi dariya na karɓe abata. Ina ganin tsohon da ko buhun shinkafa ba zai iya ɗagawa ba, me ya sani game da ƙarfi? Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Abin da yake nufi sai bayan shekaru na fahimta. Daga ƙasa dukan yake tasowa. Ka tara nauyi a ƙafar baya, ka taka ta gaba, da dunduniya ta sauka sai ƙugu ya fara buɗewa alhali kafaɗa tana rufe, hannu yana baya. A wannan ɗan tsakanin jiki yana murɗewa kamar wankin da ake matsewa. Sai ƙafar gaba ta miƙe ta zama birki, murɗin ya warware, ya ja ƙirji, ƙirji ya ja hannu, kan sanda ya zo a ƙarshe kamar bakin bulala. Ɗan dambe ya san wannan, mai faskare ma ya sani. Ted Williams, gwanin duka wanda ya yi .406 a 1941, wato kusan huɗu cikin kowane zuwa goma sai dukansa ya yi nasara, haka ya koyar, ƙugu ne ke jan gaba, kuma sanda marar nauyi ya fi so. Ni kuwa ƙugu da kafaɗa tare nake juya su kamar ƙyauren ƙofa, in watsa hannu can nesa da jiki.

Tsakanin mai jifa da mai duka ƙafa 60 ne da inci 6, kimanin mita 18 da rabi. Ƙwallon da ke gudun mil 90 a awa ba ta cika rabin sakan a hanya. Tamu ta makaranta ba ta kai haka ba, amma da wannan gungumen a hannuna dole in fara kaɗawa da wuri, kafin in san inda ta nufa. Masu jifa suka gano ni, kowa sai ya sako mini mai lanƙwasa, in daki iska. Sau biyu tak na tsallakar da ƙwallo shinge a duk shekarun nan, kuma wallahi ɗaya ta yi nisa, har yau in na tuna ina jin daɗi. A shekarar ƙarshe na kai wani duka da iya ƙarfina, na ji wani abu ya tsinke a kwiɓina na hagu. Atishawa ta zama azaba. Mako biyu a zaune nake sallah. Kafin in warke an gama kakar.

A jirgin ƙasa na tsara wa yaron nan abubuwa sun kai goma. Da na buɗe baki, ga shi da abin jin kiɗa a kunne ɗaya, yana ta daidaita waya a jikin shinge don ya ɗauki kansa. Yaran yanzu! Kuna da na'urar da za ta nuna muku ƙugunku daki-daki, amma ku sai dai ku sa wa hoton kiɗa ku tura wa abokai.

Na ce cire zoben nan. Sanda tana yi maka sauƙi bayan ka cire shi, shi ya sa kake ganin ka ƙara sauri, amma yaudara ce. Ɗauki sandar da kake iya sarrafawa. Ƙarin mil ɗaya a gudun sanda yana ƙara wa ƙwallo fiye da mil ɗaya a fitarta, wannan kuma kusan ƙafa biyar ne na nisa.

Na ce ka bar ɗaga ƙarfe. Sai na tuna Giancarlo Stanton na Yankees yana wasa a sabon filinsu da ke tsallaken titin nan. Da aka fara fitar da awon gudun sanda a 2024, matsakaicin manyan 'yan wasa mil 71 ne da ɗoriya, shi kuma wajen 81, kuma ƙato ne na gaske. Na ce to ɗaga, amma cinya da ciki da baya, ka ƙyale damtsen nan da kake kallo a madubi.

Na ce kaɗa da sauri kullum, kada ka ji tsoron kuskure. Ban rufe baki ba na ce a'a, dakata, ɗan wasan nan Luis Arraez yana cikin waɗanda sandarsu ta fi rashin sauri a awon nan, amma shekara uku a jere, 2022 zuwa 2024, yana cin kambun matsakaicin samun ƙwallo. Saurin da ba ya taɓa ƙwallo fifita ne kawai.

Ya ce, "Kawu, to wanne zan ɗauka?"

Na rasa ta cewa. Na karɓi sandar, na gitta masa ita a baya, na maƙale a gwiwoyin hannunsa, na ce juya. Ya yi dariya. Na ce juya dai, ɗan nema. Ya juya, kafaɗa ta riga ƙugu. Na ce kawo in nuna maka. Duka ɗaya na kai, kwiɓin nan ya gaishe ni, na nemi benci na zauna. Shi kuma ya ruga ya duba ko waya ta ɗauka.