Miyau da Ba Ya Bushewa

Kwamfutar da na fara harkar wasannin bidiyo da ita tsarabar Abijan ce. Yayana ɗan cirani ne, kamar yawancin samarin unguwarmu a Tahoua: da an gama ɗaure damman hatsi sai ya ɗauki jaka, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. A zuwansa na 2019 ya miƙo mini wata tsohuwar kwamfutar cinya, batirinta ya riga ya mutu, idan kuran ya ɗauke ita ma ta bi shi. Mai ita na farko bai goge komai ba. Cikin abin da ya bari har da Skyrim, wasan da kamfanin Bethesda ya fitar ranar 11 ga Nuwamba 2011, kuma da Faransanci yake. Shi ya sa har gobe garin da wasu ke kira Whiterun ni Blancherive na san shi.

Ga wanda bai taɓa yi ba, irin waɗannan wasanni da ake kira RPG shiga rigar wani ne. Ka zaɓi suna da kama, a sake ka cikin wata ƙasa, mutanenta su yi ta aikenka: kai wannan takarda, nemo mini takobin kakana, kashe mana dodon da ya hana mu barci. Kana yi kana ƙara ƙarfi da suna. Daɗinsa duka yana wurin nutsewa, wato ka manta da ɗakin da kake zaune.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina rana ce. Na ɗora shayi da hantsin cikin wasa, kafin mu sha na uku rana ta faɗi, taurari sun fito, gari ya sake wayewa. Daga baya na gane lissafin: minti ɗaya namu minti 20 ne a can, saboda haka yini da kwana guda minti 72 ne kacal. Masu shaguna suna buɗewa ƙarfe 8 na safe su rufe 8 na dare, masu gadi su kunna wuta, maƙeri ya bar maƙera ya tafi gida. Na ce lallai wannan duniya ce mai rai.

Ban daɗe ba na gano ƙaryar.

Bayan ka kashe dodo na farko a hasumiyar da ke yamma da Blancherive, sai wata murya ta tsaga sama. Wasu tsofaffi masu furfura ne a kan dutse mafi tsawo a ƙasar suke kiranka. Sarkin gari ya ce maza ka tafi, ba a ƙin wannan kira. Ni kuwa na shagala. Na zauna a maƙera ina ta buga wuƙaƙe don hannuna ya faɗa, na sayi gida, na shiga ƙungiyar ɓarayi a wani gari can kudu maso gabas. Da na duba kalandar wasan, wata uku sun shuɗe. Na hau dutsen gabana na faɗuwa, ina shirya uzuri. Tsohon ya tarbe ni kamar jiya ya yi kiran. Ko "ina ka tsaya" babu.

Muna yara, idan Inna za ta aike ni sayen daddawa, sai ta tofa miyau a ƙasa ta ce kada ya bushe ban dawo ba. Gudun da nake yi ba don daddawa ba ne, don wannan ɗan digon da rana ke lasa ne. A Skyrim ana tofa maka miyau iri-iri, da kuka da rantsuwa, amma ba ya bushewa. Yaƙin basasa yana jiranka. Dodon da zai haɗiye duniya yana jiranka. Matar da ta ce ɗanta na hannun ƴan fashi za ta tsaya a bakin ƙofa shekara guda da fuska iri ɗaya. Agogo yana gudu, amma babu abin da ya rataya a kansa sai ƙananan abubuwa: ƴan kasuwa su sake kaya bayan kwana 2, kogon da ka share ya sake cika bayan kwana 10 ko 30.

Da azumin 2021 ya zo, cikin Afrilu, lokacin da zafin Tahoua ke haura 40 kuma kasuwa ke mutuwa da rana, na ce bari in gyara abin da kaina. Na kafa wa kaina dokoki. Ba zan sake danna taswira in tsinci kaina a wani gari ba, duk inda za ni ƙafa ce ko doki. Zan ci abinci safe da yamma ko da wasan bai tilasta ni ba. Dare ya yi, in nemi masauki in biya zinari 10 in kwanta. Sannan zan rage gudun agogo. A kwamfuta wannan abu ne mai sauƙi: ka danna maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, wani fili ya buɗe, ka rubuta set timescale to, ka sa lambar da kake so.

Da zumuɗi na sa 1, wato daidai da agogon bango. Wautar farko ke nan. Na shigo gari da kaya niƙi-niƙi ƙarfe 9 na dare, shagon da zan sayar a rufe, kuma ba zai buɗe ba sai bayan awa 11 na gaske. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙasar gaba ɗaya ta tsuke. Daga ƙauyen Rivebois zuwa Blancherive minti biyar ko shida ne da sassarfa. A gudun 20, tafiyar kusan awa biyu ce, ka fita da hantsi ka isa rana ta take, abin ya yi kama da tafiya tsakanin ƙauye da birni. A gudun 1 kuwa kamar ka tashi daga gidanmu ka je bakin titi sayen ƙanƙara. A nan na fahimci cewa masu wasan ba rana suke aunawa da wannan lamba ba, nisa suke aunawa. Ƙasar ƙarama ce, saurin agogo ne ke buɗa ta. Na gwada 6, yini ya zama awa 4, ya yi mini tsawo. Na tsaya a 8, awa 3 cif, daidai zaman da nake yi daga bayan asham.

Tafiyar ƙasa kuwa ta biya ni, aƙalla da farko. Na san inda gada take, na san kwanar da kyarketai ke fitowa, na koyi tashi da sassafe idan zan ratsa dutse don kada dare ya riske ni a sanyi. Wata rana hadari ya taso ina tsakiyar daji da doki, na hangi hasken wani masauki daga nesa, wallahi sai da na ji sanyi a raina kamar ni ne a jiƙe. Duk wanda ya taɓa shiga motar Yamai daga Tahoua ya san abin da nake nufi. Kilomita wajen 550 ba a lamba suke ba, suna Badagishiri da Konni da Dogon Dutsi da Dosso, suna bayanka da ya ƙage da ruwan gorarka da ya yi zafi. Da za a ɗauke ka cikin ƙiftawa da bismilla a dire ka a bakin gadar Kennedy, Yamai ba za ta yi maka kama da wani gari mai nisa ba. Tsallaken taswira a Skyrim ma yana tura agogo gaba gwargwadon nisan, amma jikinka bai shaida ba, don haka bai shiga lissafi ba.

Sai dai kada in cika baki. A mako na uku, karo na shida a kan hanya ɗaya, na kama kaina ina danne maɓallin tafiya da hannun hagu ina duba WhatsApp da na dama. Wace nutsewa kuma? Na sassauta: akwai masu amalanke a ƙofar manyan garuruwa, zinari 20 zuwa babban gari, 50 zuwa ƙarami. Na yarda da su, tunda aƙalla sai ka taka zuwa tasha ka biya kuɗin mota.

Kuma duk da wahalar nan, tsofaffin kan dutse ba su fasa jirana ba. Na gyara gudun rana, ban sa miyau ya bushe ba.

Wasan da ya koya mini hankali wani ne daban, Mass Effect 2 na kamfanin BioWare, na 2010. Kai ne shugaban wani jirgin sama jannati. Gab da ƙarshe, maƙiya suka shigo suka kwashe ma'aikatan jirgin. Aka ce mini mu bi su yanzu. Ni da Skyrim ya riga ya lalata, na ce ai za su jira, bari in ƙarasa ƴan aike-aiken da suka rage. Na yi biyu. Da na isa, rabinsu sun mutu, ciki har da wadda ke tsaye kusa da taswirar jirgi tana gaya mini idan saƙo ya shigo. A gabana aka narkar da ita cikin wani bututu. Babu agogo a allo, babu ƙirge, wasan dai yana lissafa aike nawa ka yi bayan an sace su: ka tafi nan take ka tsirar da kowa, ka yi jinkiri ƙwarai ka tarar da likita kaɗai. Na daɗe zaune ban taɓa komai ba. Ina da ajiyar wasan ta baya, ina iya komawa in gyara. Ban koma ba. Jirgin da na ƙarasa wasan da shi shiru ne, kujeru babu kowa, kuma har yau babu wasan da na yarda da duniyarsa kamar wannan.

Daga nan na fara lura da yadda kowane wasa ke tofa nasa miyau. Fallout na 1997 yana ba ka kwana 150 ka nemo abin gyaran injin ruwa, in ba haka ba mutanenka su mutu da ƙishi. Majora's Mask na Nintendo, na shekarar 2000, kwana uku ne kawai kafin wata ya faɗo kan gari, wajen minti 54 a agogonmu, sai ka mayar da lokaci baya ka sake. Wanda ya fi kama da rayuwarmu shi ne Stardew Valley, wasan noma na 2016 da mutum ɗaya, Eric Barone, ya ƙera, wanda nake yi a waya. Kowane yanayi kwana 28 ne. Kabewa tana son kwana 13. Na shuka tawa ranar 18 ga kaka, na yi ta ban ruwa kwana goma, sanyi ya shigo ta bushe a tsaye. Ɗan manomin Adar guda, wanda ya ji tun yana goye cewa shukar da ta makara ta awaki ce. Kunya ta hana ni gaya wa kowa a fada.

Ba na ce kowane wasa ya ɗora wa mutum wa'adi ba. Idan ƙirge ya yi yawa, gudu kawai kake yi, ba ka tsayawa kallon komai, kuma wanda ya yini yana fama da masu bashi ba ya son ya dawo gida wasa ma ya bi shi bashi. Wani lokaci alama ƙarama ta isa. A wurin wani abokina a Bukoki, can Yamai, na ga The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan a PlayStation 4, don tawa kwamfutar ko kusa ba za ta ɗauka ba. Shi ma yana da ciwon Skyrim: mutum na neman ɗiyar da ya rena, ana farautarta, amma yana da sukunin zama buga karta a kowane ƙauye. Sai dai gemunsa yana tsirowa. Ka yi aski, ka yi kwanaki a daji, ka dawo da ƙasumba. Wannan ɗan gashin ya fi mini kalandar Skyrim duka da sunayen watanninta goma sha biyu.

Akwai kuma ɗaya agogon, na bangon ɗaki, wanda babu fili da za ka buɗe ka rage masa gudu. Daren 20 ga azumin nan, na zauna bayan asham da niyyar yini ɗaya na cikin wasa, awa uku. Na shiga wani kango na ƙarƙashin ƙasa inda babu rana babu wata. Abin da na ji kawai shi ne an ɗaga labule.

"Kai, mi kaka yi har yanzu? Ba ka ji kiran farko ba?"

Inna ce da kwanon fura. Na ce, "Yanzun nan zan kwanta, Inna."

"Kwanciya ta mi? Sha ka yi alwala."

Ina kai kwanon baki kuran ya ɗauke, allo ya yi baƙi. Wasan ya ajiye kansa tun shigata kangon, duk abin da na yi a ciki ya tafi. A can, daren bai taɓa faruwa ba. A nan kuwa na yini ina gyangyaɗi a shago, har na ba wani canjin jaka biyar a kan jaka biyu. Tun daga ranar nake sa ƙararrawar waya can nesa kan taga, inda sai na miƙe tsaye kafin in kashe ta, kuma na saba danna F5, maɓallin ajiye wasa, kamar mai jan carbi.

Har yanzu ajiyar 2021 tana nan. Kwanan baya na buɗe ta, ɗiyar yayana na zaune gefena tana cin gyaɗa. Ranar da ubanta ya kawo kwamfutar rarrafe take yi, yanzu tana lakwal. A gindin babban iccen da ke tsakiyar Blancherive akwai wata marainiya, Lucia, mai roƙon zinari ɗaya. Tun tana ƙarama nake ba ɗiyar yayan nawa linzamin kwamfutar ta danna mata sadaka. Ta ƙura mata ido.

"Baba ƙarami, wannan ba ita ce ta da ba?"

Na ce ita ce.

"To mi ya hana ta girma? Ba ta cin tuwo?"

Na ce ban sani ba. Ta goge hannu a zane, ta ja linzamin gabanta, ta ce a ba ta biyu yau.