Abin da Agbogbloshie ya koya min da kyamara a hannu

Ni fa da na fara zuwa Agbogbloshie, kasuwar tsofaffin ƙarafa da kayan lantarki a Accra ta Ghana, da kyamara, hayaƙi nake nema. Baƙin hayaƙin nan da ke tashi in samari sun tara wayoyin lantarki sun cinna wuta da tsohuwar taya ko soson firij don su fidda tagulla, shi ne yake kyau a fim, shi Turawa ke so su gani, mu ma ƴan unguwar Nima da muka koyi aikin a wajensu muka ɗauki wannan idon ba mu sani ba.

Rana ta 3 wani dattijo mai sayen kondem, wato tsofaffin ƙarafa, mutumin Tamale a arewacin Ghana, ya kira ni gefe. Ya ce yaro na, wa zai kalli wannan abin? Na ce duniya, Baba. Ya yi dariya ya ce duniya ta sha kallonmu, mu ne ba mu taɓa ganin kanmu ba. Sai ya ja ni bayan rumfuna inda ban taɓa juya kyamara ba, ga masu gyaran kwamfuta, ga masu narka alminiyam suna zuba tukwane, wani na cire injin fanka yana sa wa wata. Awa biyu muna yawo ban ga wuta ba.

Ba wai gubar wurin ƙarya ba ce, a'a. A 2019 an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a wurin aka samu guba mai yawan gaske, kogin Odaw kuma kowa ya san kalarsa kafin ya faɗa tafkin Korle. Dokar sharar lantarki ma akwai ta tun 2016. Amma in hoton da ka nuna bola ce zalla, to ka gaya wa mai kallo cewa maganin wurin buldoza ne. A Yulin 2021 kuwa buldozar ta zo, aka rushe wurin, masu albasa na kasuwar wurin aka kai su Adjen Kotoku a wajen gari, ƴan kondem suka watsu, wasu suka koma ƙona wayar a lungunan Old Fadama, unguwar da ke maƙwabtaka da wurin, kusa da inda yara ke kwana. Ban ce fim ɗinmu ne ya jawo ba, mu su wa, amma dai na san irin hoton da muka ƙara a kan tulin.

Tun daga nan ba na fitar da komai sai mutanen ciki sun gani tukuna. Da muka yi na gotar Nima da Maamobi, a bangon wata makarantar allo muka haska bayan isha'i, da Hausa, ba fassarar Turanci a ƙasa. Wata Hajiya ta tashi ta ce a cire inda aka nuna ƙofar ɗakinta da ruwa ya ci, ƴarta za ta yi aure wata mai zuwa, dangin miji za su gani. Wallahi shi ne wurin da ya fi ƙarfi a fim ɗin gaba ɗaya, na kwana ina juyi a kai. Da safe na buɗe kwamfuta na yanke.