Zanen ƙwayoyin fatar albasa da tawadar zoɓo: inda aiki ya tsaya

Ƴan'uwa masu koyo, an gama gwajin launi, saura mu daidaita hannu wajen zana bangon ƙwayoyin, wato ƙananan ɗakunan halitta da suka haɗu suka yi fatar albasa, waɗanda ake dubawa da madubin likita.

Albasar Galmi ta fi dacewa da wannan aiki saboda launinta. A ɓanɓaro siririyar fatar da ke bayan ɓawon, ta gefen mai launi, a shimfiɗa ta cikin ɗigon ruwa a kan gilashi. Kada a saki murfin gilashin, wato siririn gilashin da ake rufe fatar da shi, daga sama, a kwantar da shi a karkace. In ba haka ba iska za ta maƙale, a ga zobba masu baƙin baki. Sabon hannu yakan zana su da sunan ƙwayoyi, alhali kumfa ce. A duba da madubin likita a ninki 100. A lokacin hunturu ruwan kan bushe da sauri a Maradi, sai a riƙa ƙara ɗigo ta gefen murfin.

Ƙwayoyin dogaye ne, jere kamar tubalin gini, kowace ba ta kai rabin milimita ba. Sai dai babu biyu da suka zo daidai: wata bakinta a tsuke, wata ta karkace. Wanda ya ɗauko rula ya kashe zanen. Kuma tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta layi ɗaya za a ja. Masu zagaye kowace ƙwaya daban sukan ƙare da layi biyu, zanen ya cushe.

Wajen launi, a tafasa busasshen zoɓo, gwargwadon cikin tafin hannu ɗaya, a rabin kofin ruwa har ya koma rabi, a tace, a zuba ƙaramin cokali na garin ƙaro don ya kama takarda. Sinadarin da ke ba zoɓo launi dangin na jar albasa ne, shi ya sa suka yi kama. Lemun tsami na ƙara masa ja, ɗan ruwan kanwa kuma na juya shi shuɗi-shuɗi, in ta yi yawa ya koma kore. A fara shafa launi, a bari ya bushe sarai, sannan a bi bangon da alƙalamin kara da tawadar allo. In aka gaggauta, baƙin zai malale cikin jan.

Abin da ya fi kyau a gani shi ne in aka sa ɗigon ruwan gishiri a gefen murfin. Cikin ƴan mintuna ruwa zai fita daga ƙwayar, launin ya janye daga bango ya dunƙule a ciki, ya bar fili fari. A zana wannan filin da kulawa, kada a cike shi.

Matsalar da ta rage ita ce koɗewa. Zoɓo ba ya jure rana, don haka a adana zanen cikin littafi, a kuma ɗauki hotonsa ranar da aka gama.