Mai yana ƙonewa ko da haro yana sama

Na daɗe ina tuƙa tarakta a gonakin mutane, kuma ƙorafin da na fi ji shi ne: me ya sa hekta ɗaya ta ci mini rabin yini, ta wane kuwa kafin hantsi an gama? Nakan ce wa mai gona ya tsaya a bakin gonarsa ya ƙirga sau nawa na juya.

Haro mai faɗin mita 3, a gudun kilomita 6 a awa, zai gama hekta 1.8 cikin awa guda. A takarda ke nan. Idan tsawon gonar mita 50 ne, cikin daƙiƙa 30 na kai ƙarshe. Sai in ɗaga haro, in rage wuta, in sha kwana, wani lokaci in ja baya saboda shingen maƙwabci, in saita, in sauke. Shi ma wannan yakan ci mini kusan daƙiƙa 30. Rabin lokaci ya tafi, injin yana shan mai, ƙasa ba ta motsa ba. A gona mai tsawon mita 400 kuwa, sai na yi minti 4 kafin in juya, juyin bai wuce kashi ɗaya cikin tara na lokacin ba. Saboda haka ni tsawon gona nake fara tambaya kafin girmanta. Gona mai kusurwa uku kuwa, Allah dai ya ba direba haƙuri.

Akwai kuma asarar da ba a gani sai an zo girbi. Bakin gona inda taya ke maimaita taku yakan daskare, saiwa ta kasa nutsewa, kuma a ƙaramar gona wannan bakin babban kaso ne.

Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ƙasashe suka shiga harhaɗa gonaki ke nan: mai gutsattsari biyar a warwatse ya yi musaya, ya samu guda ɗaya mai daraja daidai da su. Holan ta yi dokarta a 1924, Jamus ta Yamma a 1953. Japan ta riƙa yanka fadamun shinkafarta mita 30 a mita 100 tun shekarun 1960, da hanya da magudanar ruwa a gefe.

Sai dai ribar tana da inda take ja da baya. Daga mita 400 zuwa 800, abin da aka ƙaru da shi kaɗan ne. A yankin Biritani na Faransa an tuttuge shingayen itatuwa don a faɗaɗa gonaki, daga baya zaizayar ƙasa ta sa ana sake dasa su.

Bara wasu maƙwabta uku suka yarda in ratsa gonakinsu a layi ɗaya, duwatsun iyaka na nan inda suke. Na gama da sauran mai a tanki, har na karɓi wani aikin da yamma.